Ranar da A-Tura Ya Gwada Sabuwar Mota

Wata safiya yayana ya tashi ya yanke shawarar cewa duniya ta gaji da jiran ra'ayinsa a kan motoci. A tsakar gida ya sanar da mu, buroshi a baki, ni ina goge takalmin zuwa aiki, Inna tana shanya.

"Daga yau sunana Likitan Mota," in ji shi. "Zan riƙa shiga sababbin motoci ina tuƙawa, ina gaya wa jama'a gaskiyarsu a bidiyo. Kamfanoni da kansu za su zo su yi layi a ƙofar gidan nan."

Inna ta ce Allah ya sa albarka. Ni kuwa na ci gaba da goge takalmina, don na san mai maganar. A layinmu ba wanda ya san wani Likitan Mota. A-Tura ake ce masa, saboda tsohuwar motarsa da ba ta taɓa tashi don Allah ba sai an tura. Kullum da safe zai leƙo ta taga ya ce, "Jama'a, a ɗan tura," har ta kai mai aski da mai faci ba sa jira ya roƙa, suna jin ya rufe ƙofa sai su fara naɗe hannun riga. Iliminsa na mota kuwa a wata tashar tsofaffin motoci ya samo shi, inda ya yi ɗan kamasho kafin su sallame shi. A can ya koyi cewa da ƙafa da hanci ake gane lafiyar mota: ka harbi taya, ka girgiza ta, ka shinshina salansa. In ta ƙi tashi kuma, ka ƙwanƙwasa kan batir da dutse. Har dutsensa gare shi na musamman, ɗan mulmulalle, a aljihu yake yawo da shi ko gidan biki za shi.

Ni ce autar gidan. Na sha zaman gida bayan na gama makaranta, irin zaman da har maƙwabta suka daina tambayata ko an dace. Da ƙyar da siɗin goshi na samu aiki a wani kamfanin sayar da sababbin motoci, wuri ne gilashi ta ko'ina, ga sanyi, ga kati mai hotona rataye a wuya. Ina cikin watannin gwaji ne, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Ina son aikin nan kamar raina, ba zan ɓoye ba.

Tsautsayi ya sa na faɗa a gida cewa Manajanmu yana neman wanda zai yi wa sabuwar motar da muka kawo bidiyo da Hausa.

"To ga yayanki," in ji Inna.

"Inna, mai mabiya ake nema."

"Ai yana da mabiya."

"Ke ce, da ni, da mai aski. Shi ma mai askin don ya samu abin dariya ne."

"Auta, ɗan'uwanki zai ci arziki ta hannunki, ke ce za ki tare masa hanya? Ashe haka aikin ofis ke mai da mutum?"

Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwata sai da hanci. Na daure, na daure, na kasa. Na je na samu Manaja na ce ina da ɗan'uwa masanin mota, kuma kyauta zai yi. Ina jin kalmar kyauta ce ta shige shi.

Manajanmu gajere ne mai tumbi, ba ya dariya sai an sayi mota. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Titin bayan kamfani kaɗai za ku zagaya ku dawo. Ke za ki zauna kusa da shi, makulli a hannunki. Ke kika kawo shi, ke kika tsaya masa. In motar nan ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya, ki ajiye mini katinki a kan tebur, ba sai mun yi doguwar magana ba."

Na ce na ji.

Motar ƙarama ce mai guntun baya, irin wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa har da gilashi. Ja ce jawur, kujerun fata launin madara, cikinta ƙamshin sabunta kamar kar ka yi numfashi ka rage shi. Ƙanƙantarta kada ta ruɗe ka, ta manya ce, mu ma'aikata ma sai mun goge hannu muke taɓa ta.

Yaya ya iso cikin kwat ta aro wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, ga baƙin tabarau, ga wata safar hannu da ban san inda ya tono ta ba. Ya ɗaga waya ya kunna bidiyo kai tsaye.

"Masu kallo, barkanku. Likitan Mota ne. Yau an kawo mini wata mara lafiya, za mu duba ta ciki da bai."

"Sabuwa ce fil," in ji Manaja.

"Kowace mota haka mai ita yake cewa, ranka ya daɗe."

Ya ja da baya ya ɗirka wa tayar gaba ƙafa. Ya zagaya ya ɗirka wa ta baya. Ya dafa saman motar da hannu biyu ya shiga girgiza ta kamar mai kaɗe bishiya. Na ga wata jijiya ta miƙe a goshin Manaja. Sannan ya durƙusa a baya ya kafa hanci a bakin salansa ya ja numfashi, ya lumshe ido.

"Ba a taɓa sauke injinta ba," ya ce.

"Ba a taɓa tuƙa ta ba ma," in ji Manaja.

Da zai miƙe, sai ya ga ya kamata bamba ma ta sha tata ƙafar. To motar nan, in makulli yana kusa ka wurga ƙafa ƙarƙashin bayanta, but ɗin buɗe kansa yake yi, don mai kaya a hannu. Makulli kuwa yana aljihuna, ina tsaye a gefensa. Ƙofar ta taso a hankali cikin ladabi ta ɗauke shi a haɓa, tabarau ya yi gefe.

Ya tsince shi ya mayar, ya dubi waya. "Aibi na farko, masu kallo. But ɗinta ba ya kamawa."

"Yaya, ai haka aka yi ta, in ka..."

"Auta, ana kallonmu. In likita yana duba mara lafiya, nas ba ta sa baki."

Muka shiga. Ya liƙa wayarsa a gilashin gaba, ni kuma na ajiye tawa a ɗan gurbin da ke tsakanin kujeru, don dama na haɗa ta da lasifikar motar tun da safe ina nuna wa wani mai saye. Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo makulli."

"Ba a soka shi. Birki za ka taka, ka danna wannan maɓallin."

"Na sani. Gwada ki nake."

Ta tashi, ko tari babu. Ya kasa kunne, bai ji komai na kaɗawa ba, sai ransa ya ɗan ɓaci. Muka fita daga harabar, Manaja yana tsaye a bakin ƙofa hannu a ƙugu.

Motar ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. Na gaya wa Yaya, ya ce ya sani, amma ƙafarsa ta hagu ba ta samu labari ba. Muna ɗan ɗaukar gudu ta tashi neman kuloci, ta samu birki, ta taka shi har ƙasa. Ba don bel ba da na fita ta gilashi.

"Birki lafiya lau," ya gaya wa waya. "Da gangan na yi, don ku gani."

Sau uku ya yi da gangan kafin mu kai danja. A danjar ne kuma aka fara ainihin abin. Irin motocin nan, in ka tsaya ka riƙe birki, inji yakan yi shiru da kansa don kada ya sha mai a banza, kana ɗaga ƙafa ya tashi. Yaya yana tsayawa inji ya ɗauke. Na ga fuskarsa ta washe, kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a baƙon wuri.

"Kun gani ko? Ta mutu. Sabuwar mota, ta mutu a danja."

"Ba ta mutu ba, ka ɗaga ƙafarka kawai."

Bai ɗaga ba. Ya lalubi inda makulli ya saba zama bai samu ba, sai ya danna maɓallin nan, ya kashe ta da gaske. Danja ta ba da hannu, na baya suka dame mu da hon, wani direban babbar mota ya leƙo ya yi mana addu'ar da ba zan maimaita ba. Yaya har ya buɗe ƙofa zai nemi 'yan turi. Na riƙo kwat ɗinsa na ce ya taka birki ya sake dannawa. Ta tashi.

"Na gyara ta," ya ce. "In ba ƙwararre ba, nan za a kwana."

Daga danjar hagu ya kamata mu yi, mu koma kamfani. Ya yi dama.

"Yaya, hagu Manaja ya ce."

"Titin Manaja shimfiɗaɗɗe ne, ko baro ka tura a kansa daɗi zai yi. A rami ake sanin mota."

"Wane rami?"

"Na layinmu. Duk na san halinsu."

Na roƙe shi da girman Allah. Na roƙe shi da girman Inna. Na ce aikina, Yaya, aikina. Ya ce minti nawa ne, jama'arsa kawai za su gan shi a ciki mu juyo. Na yi tunanin in kama sitiyari, na tuna ƙwarzane ɗaya, na naɗe hannuna. Kowane rami muka faɗa ji nake kamar a ƙirjina tayar ta sauka.

Layinmu ɗan siriri ne, shagon mai aski a dama, rumfar mai faci a hagu, can gaba wurin mai wankin mota da tankinsa da tiyo. Yaya ya shigo yana danna hon kamar an kawo amarya, ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu. Ya tsaya daidai ƙofar mai aski. Inji ya yi shiru.

Wallahi ba wanda ya ce musu komai. Mai aski yana tsakar yi wa wani aski, ya ga A-Tura a cikin mota, ya ji inji ya ɗauke, sai kawai ya ajiye almakashi ya fara naɗe hannun riga. Mai faci ya saki tayar da ke hannunsa ya taho yana goge baƙin mai a wando. Mai wankin mota ya biyo su. Har wanda ake yi wa askin ya taso, rabin kai a aske, da zanen aski a wuya.

"Ba turi na zo nema ba," in ji Yaya. "Sabuwa ce."

"To me ya sa ta mutu?" in ji mai aski.

"Hutawa take yi."

"Taka ma kullum hutawa take yi."

Kunya ta sa ya sake danna maɓallin, ya sake kashe ta da gaske. In kuwa aka kashe ta haka, kulle tayoyinta take yi da kanta. Na fito da gudu, har na bar makulli a kujera, ina cewa kada kowa ya taɓa fentin, amma tuni hannuwa takwas sun sauka a bayanta, biyu daga ciki na mai faci ne. Suka yi kabbara suka danna. Ko motsi. Suka sake, takalmin mai aski ya zame ya kai gwiwa ƙasa.

"Sa ta a giya biyu ka saki kuloci," in ji mai faci yana haki.

"Ba ta da kuloci."

"An sace?"

"Haka ta zo."

"To saki birkin hannu."

Yaya ya lalubi tsakanin kujeru. "Shi ma babu."

Mai faci ya miƙe ya riƙe ƙugu. "Kuma a haka suke sayar da ita?"

"Jama'a, ku saurare ni," na ce. "Lafiyarta ƙalau, birki kawai zai..."

"A buɗe bonet," in ji Yaya, ya fito yana zaro dutsensa.

Aka buɗe. Duk suka sunkuya suna leƙawa. Ba waya a warwatse, ba igiyar da aka ɗaure wani abu da ita, ba tsumma, sai wani baƙin murfin roba mai sheƙi ya rufe komai. Yaya ya leƙa dama, ya leƙa hagu, dutse a hannu, ya rasa inda zai buga. Ya koma ya ciro wayarsa daga gilashi ya haska musu.

"Masu kallo, ga abin da ba za su gaya muku ba. Motar nan ba ta da batir."

Batir ɗin yana baya, ƙarƙashin shimfiɗar but. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji an riƙo hannuna. Inna ce, ta ji hayaniya ta fito da mayafinta mai kyau, da maƙwabta mata biyu a bayanta.

"Ke Auta, tun daga gida nake jin muryarki a kan ta yayanki. A gaban mutane za ki riƙa ƙaryata shi?"

"Inna, motar kamfani ce, za a kore ni."

"Ba mai korarki. Zo ki gaida su, tun da kika fara aiki suke cewa ba sa ganinki."

Ta ja ni gefe. Ina gaisuwa, wuyana yana baya. Na hango Yaya ya gaji da nema, ya zaɓi wani wuri a kan murfin robar ya ƙwala masa dutse. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Na ɗaga murya na ce ya taka birki ya danna, ya shiga ya yi hakan kamar ra'ayinsa ne, ta tashi. Layi ya ɗauki tafi. Ya ɗaga dutsen sama yana nuna wa jama'a.

"Yanzu gwajin ɗaukar mutane," ya ce. "Sun ce biyar take ci. Mu gani."

Mai faci ya shige gaba ya zauna a kan fatar nan launin madara da wandon aikinsa. Mai aski da mai rabin aski da wasu mutum biyu da ban ma san su ba suka dunƙule a baya, gwiwa a haɓa. Yaya ya mayar da wayarsa gilashi, ya ɗaura bel don masu kallo su ga shi mai bin doka ne. Suka fara kukan zafi, ya shiga danne-danne yana neman sanyi. Daga baya na gane abin da ya danna. Kujerun motar suna da abin ɗumama su, don masu zama inda ake tsananin sanyi. Nasa ya kunna, har ƙarshe.

Ana cikin haka wayata da na bari a ciki ta yi ƙara ta lasifika. Yaya ya danna wani abu a jikin sitiyari don ya kashe kiɗan, ashe amsawa ya yi. Wata murya ta cika motar, ta fito ta tagogi har inda nake tsaye. Manaja ne. Ashe yana zaune a ofis yana kallon bidiyon tun daga danja.

"Ki dawo mini da motata yanzu-yanzun nan."

Na baya suka ƙame. Mai aski ya fara karanto duk abin da ya zo bakinsa.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Yaya. "Motocin zamani suna magana. Sai dai kun ji aibinta, ba ta bambance mace da namiji."

"Wa ke magana? Kai ne mahaukacin da ya buga mata dutse?"

"Kun ji kuma ba ta da tarbiyya. Ke mota, kin san da wa kike magana?"

"Manaja ne, ka ba ta wayar."

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya ya bugi cinyar mai faci. "Kai, masu ƙera abin nan shaiɗanu ne. Har muryar ɗan gajeren nan suka sa mata. Ku ba ku san shi ba, wani ne kamar tulu an sa masa taye, in yana tafiya tumbin ke fara shiga ɗaki ya yi sallama."

"Ina jin ka."

"Ai don ki ji na faɗa. In kin koma ki gaya masa."

Na fizge hannuna daga na Inna na nufi motar. Jama'a sun yi mata zobe, ina turewa ina ba da haƙuri. Kafin in kai, Manaja ya kashe waya, Yaya kuma ya daina dariya. Ya muskuta. Ya sake muskutawa. Ya ɗaga ɓangare ɗaya ya sauke, ya ɗaga ɗayan. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin tabarau.

"Kai ba ka jin wani ɗumi?" ya tambayi mai faci a hankali.

"Ina?"

"Ta ƙasa."

"Ni dai lafiya lau. Ko wani abu ka ci?"

"Ba daga ciki ba ne. Daga waje yake shigowa."

Mai faci ya cusa hannu tsakanin Yaya da kujera, ya zare da sauri. Ya dubi Yaya, Yaya ya dube shi, na ga lokacin da tunani ɗaya ya shige su tare.

"Batir ɗin da muka rasa," in ji mai faci. "Ashe a ƙarƙashinka yake."

"Wuta!" in ji mai aski.

Ban taɓa sanin ƙaramar mota za ta iya fitar da mutane da sauri haka ba. Mai rabin aski ta taga ya fito. Mai aski ya bar takalmi ɗaya a ciki. Mai faci ya buɗe ƙofa da ƙarfin da ta je ta daki bencin mai aski. Yaya kaɗai ya rage, bel ya riƙe shi, yana fizga yana ƙara kamawa, ya manta inda ake cirewa. Abu ɗaya ya iya yi, ya ciro wayarsa ya miƙa ta waje ta taga don kada ta ƙone, yana kiran Inna da sunan da bai kira ta da shi ba tun yana ɗan firamare.

Ina ihu ina cewa ba wuta ba ce, kujera ce, a danna maɓalli, amma wa zai ji ni? Inna ta fi ni murya, tana cewa a ceto mata ɗa. Mai wankin mota kuwa, tunda ya buɗe wurin nan bai taɓa samun ranar nuna kansa irin wannan ba. Ya jawo tiyo ya buɗe shi har ƙarshe, ya saita ta taga. Ya wanke Yaya, ya wanke sitiyari, ya wanke allon gaban motar, ya bi lasifika ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kawo bokitin kumfa ya juye. Mai faci ya ce wutar batir ba ta jin ruwa sai yashi, ya ɗebo a kwanon da yake gwada tayoyi ya watsa a cinyar Yaya, ya koma ya ƙaro.

Motar ta yi iya ƙoƙarinta. Abin goge gilashi ya tashi da kansa, fitilu suka shiga ƙyaftawa, hon ya kama kuka ba mai taɓa shi. Can ta yi wani ɗan sauti kamar shaƙuwa, komai ya ɗauke. Wannan karon ta mutu da gaske, kuma ba wanda ya naɗe hannun riga.

Na zagaya na cire masa bel da yatsa ɗaya. Ya fito, ruwa yana zuba daga aljihun kwat, yashi har cikin kunne. Na leƙa ciki na ga wayata tana iyo a gurbinta.

A haka Manaja ya same mu. Ya zo da motar janwe, da ɗan sanda guda. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zagaya motar a hankali, ya dubi tambarin hannun mai faci a baya, ya dubi ƙofar da ta daki benci, ya buɗe ta direba ruwa ya zubo masa a takalmi. Sannan ya kira ni gefe, amma layin ya yi tsit har kowa yana ji.

"Na ga bidiyon," ya ce. "Na ji kina ce masa hagu. Ki faɗa a gaban ɗan sanda cewa ƙwace motar ya yi ya fita hanya ba da yardarki ba. Shi a tafi da shi, ke gobe ki zo aiki. In kuma da yardarki ne, kin san maganarmu."

Gaskiya ce fa yake so in faɗa, ba ƙari. Na dubi Yaya. Tabarau ya ɓace, kwat ta manne masa, yana kallon ankwar da ke ƙugun ɗan sandan. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba. Inna ta zo ta tsaya a gefena ta riƙe hannuna. Na tuna zaman gidan da na yi. Na ji haushinsa kamar in shaƙe shi, kuma na san ba zan iya kallo a tura shi bayan mota ba.

"Da yardata ne," na ce. "Daga baya ni na ce ya biyo ta nan."

Manaja ya dube ni ta saman tabarau. Ya miƙo hannu. Na cire katin daga wuyana na sa masa, igiyar ta maƙale a ɗankunnena sai da na sa hannu biyu. Ya juya ya ce wa masu janwe su ɗaura.

Yaya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya duba wayarsa, ya ga har yanzu tana ɗauka, kuma masu kallo sun yi yawan da bai taɓa mafarki ba. Nan take ya gyara wuyan kwat, ya share yashin gira, murya ta dawo.

"To masu kallo, kun dai ji da kunnenku, ba ruwan Likita. Ni dama tun a danja na ce mata mu koma, yarinya ce ba ta jin magana. Game da mota kuwa, ba na ba ku shawara ku saya."

Mai aski, wanda ko a gidan makoki sai ya samu abin dariya, bai yi dariya ba. Mai faci ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hawayen da na riƙe tun daga danja suka zubo, ban ma tare su ba, don abin ya yi mini ciwo fiye da katin.

Inna ta saki hannuna. Ta gyara mayafinta, ta taka har gaban ɗan sandan da ke shirin shiga mota, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, in da sauran wuri a motarku, ku taimaka ku tafi da shi."

"Mama, ai an kashe magana, ba wanda ya kawo ƙararsa."

"Ni na kawo," in ji Inna. "Ni na haife shi."